Gicciye da itacen oak: ina Kiristanci da Duruwidancin zamani suka haɗu, ina suka rabu?

A watan Agustan 2002, a garin St Davids da ke yammacin Wales, an yafa wa Rowan Williams farar alkyabba a tsakiyar wata da'irar duwatsu, aka shigar da shi majalisar da ake kiran manyan 'ya'yanta da sunan Duruwid. Makonni biyu kafin nan aka sanar cewa shi ne zai zama Akbishop na Canterbury, jagoran cocin Ingila kuma babban limamin da mabiya ɗariƙar Angalikan a duniya suke kallo, ciki har da miliyoyin da ke Najeriya. Jaridun Landan suka yi ta yayata hotunan. Wasu limamai masu tsananin riƙo da nassi suka ce bai dace shugaban coci ya shiga abin da ke da ƙanshin maguzanci ba. Williams ya ce majalisar ba ta da wata alaƙa da maguzanci, kuma jingina mata hakan cin fuska ne ga mutanen Wales.

Har yau, duk shekara wajen 21 ga watan Yuni, ranar da wuni ya fi tsawo, ana ganin hotunan mutane da fararen riguna suna jiran fitowar rana a Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu a kudancin Ingila, tambayar kuma tana sake tasowa: mutum zai iya zama Kirista kuma Duruwid a lokaci guda? Rikicin yakan fara ne tun daga sunan. Kalmar da Turawa ke rubutawa Druid tana ɗauke da abubuwa daban-daban, masu gardama kuma sau da yawa kowa da abin da yake nufi.

Duruwid na asali

Duruwid na dā su ne malamai, alƙalai da masu jagorancin ibada a tsakanin al'ummun Kelt, waɗanda suka zauna a yankin Faransa ta yau, Birtaniya da Ireland sama da shekaru dubu biyu da suka wuce. Ba su bar rubutun koyarwarsu ba. Yuliyas Kaisar, wanda ya ci yankin Faransa ta yau da yaƙi a shekarun 50 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa almajiransu kan yi har shekaru 20 suna haddar baitoci, cewa suna koyar da cewa rai yana barin wani jiki ya shiga wani, kuma suna jagorantar hadaya da mutane. Marubucin Rum Pliny ya bayyana yadda suke hawa itacen oak da fararen tufafi su yanko kauci da laujen zinariya. Kauci dai shi ne tsiron nan da ke maƙalewa a jikin wata bishiya, wanda masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa ma suka san darajarsa. Tacitus kuma ya ba da labarin yadda sojojin Rum suka afka wa tsibirin Anglesey na Wales wajen shekarar 60 Miladiyya suka sare kurmin ibadarsu.

Kusan duk abin da aka sani game da su daga bakin waɗanda suka yaƙe su ya fito, ko daga 'yan zuhudun Kirista na Ireland da suka yi rubutu ƙarnuka bayan haka. A tarihin Waliyyi Patrick, mai yaɗa Kiristanci a Ireland, da Muirchú ya rubuta a ƙarni na 7, Duruwid su ne bokayen fadar sarki a Tara da suka kara da Patrick suka sha kaye. Daga nan suka ɓace daga tarihi. Babu wata silsila da aka tabbatar da ta haɗa su da masu amfani da sunan a yau. Stonehenge ma ba su suka gina ta ba: an fara aikinta wajen shekara 3000 kafin Miladiyya, tun kafin a ji ɗuriyarsu da nisa.

Limaman coci ne suka farfaɗo da sunan

Nan ne labarin yake ba mutane da yawa mamaki. Duruwidancin zamani a cikin gidan Kiristanci aka haife shi.

A ƙarni na 17 John Aubrey ya yi hasashen cewa Stonehenge da Avebury, wata da'irar duwatsu makamanciyarta, wuraren ibadar Duruwid ne. William Stukeley, likita da aka naɗa limamin cocin Ingila a 1729, ya ɗauki wannan hasashe ya gina masa aƙida. A littattafansa na 1740 da 1743 ya ce Duruwid magada addinin Annabi Ibrahim ne, masu kaɗaita Allah, har ma sun hango koyarwar Allah-uku-cikin-ɗaya tun kafin zuwan bishara. Burinsa shi ne ya nuna cewa Birtaniya tana da tsohon addini mai tsafta wanda cocin Ingila ya gada. Masana a yau ba su yarda da wannan ba, amma shi ya kafa hoton Duruwid a matsayin dattijo mai hikima da farin gemu, kakan Kirista nagari.

A 1781 aka kafa ƙungiyar Ancient Order of Druids a Landan. Ƙungiyar zumunci ce ta maza, daga baya rassan da suka ɓalle daga cikinta suka zama tamkar asusun taimakon juna, ana tara kuɗi don jinya da jana'izar mambobi. Mafi yawansu masu zuwa coci ne ranar Lahadi. Winston Churchill ya shige ta a 1908.

Sai kuma Edward Williams, magini daga Glamorgan da aka fi sani da Iolo Morganwg. A 1792 ya tara wasu 'yan Wales a tudun Primrose Hill a Landan, ya jera tsakuwa a da'ira, ya gudanar da taron farko na Gorsedd, majalisar mawaƙa da ya ce ta samo asali tun zamanin Duruwid. Ya kawo tsofaffin rubuce-rubuce a matsayin hujja. A ƙarni na 20 malamin adabi Griffith John Williams ya tabbatar cewa da yawa daga cikinsu Iolo ne ya ƙirƙira da hannunsa. Shi kansa Iolo ɗan ɗariƙar Yunitariyan ne, masu bin Yesu ba tare da yarda da Allah-uku-cikin-ɗaya ba, kuma tauhidinsu ne ya saka a bakin Duruwid ɗin da ya zana.

A 1819 aka haɗa Gorsedd da Eisteddfod, babban bikin gasar waƙa da adabin harshen Wales. Tun daga lokacin ta zama hanyar karrama waɗanda suka yi wa harshen da al'umma hidima, kusan kamar yadda ake naɗa wa mutum sarautar girmamawa. Shugabanninta da yawa fastoci ne, irin su Hwfa Môn da Cynan. Sarauniya Elizabeth ta shiga a 1946 tun tana gimbiya. A bikin, ana zaro takobi rabi daga kube, shugaba ya tambaya ko akwai zaman lafiya, jama'a su amsa, a mayar da shi. Ana rera waƙoƙin coci, ana karanta addu'ar da ta fara da roƙon Allah ya ba da kariyarsa. Wannan ce majalisar da Rowan Williams ya shiga, shi ya sa ƙorafin 2002 bai yi nisa ba.

Abin da ya sauya bayan 1960

Duruwidanci a matsayin hanyar ruhaniya mai zaman kanta ya fi ƙarfi ne a rabin ƙarni na 20 na biyu. A 1964 Ross Nichols ya kafa Order of Bards, Ovates and Druids, wadda ake taƙaitawa OBOD. Nichols Kirista ne, yana ma da muƙami a wani ƙaramin coci mai zaman kansa, amma abokin Gerald Gardner ne, wanda ya fito da Wicca, wani sabon addinin maguzanci. A hannun waɗannan mutane biyu da mabiyansu aka daidaita bukukuwa takwas na shekara: ranar da wuni ya fi tsawo, ranar da dare ya fi tsawo, ranaku biyu da dare da rana suke daidaita, da tsofaffin bukukuwan Ireland huɗu, Samhain, Imbolc, Beltane da Lughnasadh. Philip Carr-Gomm ya sake tayar da ƙungiyar a 1988 ta hanyar darussan da ake aikawa ta gidan waya, abin da ya kai ta ƙasashe da yawa. Eimear Burke 'yar Ireland ce ke jagorantarta tun 2020.

Dalilan juyin a fili suke. Zuwa coci ya yi ta raguwa a Birtaniya. An soke dokar hana maita a 1951, sai masu sabon maguzanci suka fito fili. Fafutukar kare muhalli ta sa matasa neman ibadar da ta ɗauki ƙasa da bishiyoyi da muhimmanci, fafutukar mata kuma ta sa wasu neman abin bauta da siffar mace. Sababbin shiga da yawa mutane ne da suka bar coci da ciwo a zuciya. Ƙungiyoyi irin su British Druid Order ta Philip Shallcrass sun karkata ga girmama alloli, ruhohin wurare da kakanni.

A Amurka abin ya bi wata hanya. A 1963 ɗaliban kwalejin Carleton a jihar Minnesota suka kafa ƙungiyar Duruwid don nuna adawa da dokar tilasta halartar ibada. An janye dokar a shekarar da ta biyo, amma ƙungiyar ta ci gaba. Daga cikin wannan reshe Isaac Bonewits ya fito, ya kafa Ár nDraíocht Féin a 1983, wadda ta bayyana kanta ƙarara a matsayin mai bautar alloli da yawa.

Addu'ar nan ta Gorsedd, wadda Iolo ya tsara, ta nuna girman sauyin. A Wales har yanzu da sunan Allah take farawa. A tarukan Duruwid na zamani kuwa, wannan gurbin a buɗe yake: wani ya ce Allah, wani ya ce Allahiya, wani ya ce Babban Ruhu, wani ya ambaci alloli a jam'i, sauran baitocin kuma a tafi tare.

Inda aƙidu suke karo

Duruwidancin zamani ba shi da littafi mai tsarki, ba shi da kalmar shaidar da kowa zai furta. OBOD ta ce ƙofarta a buɗe take ga Kirista, ɗan Buddha, mai alloli da yawa da wanda bai yarda da wani abin bauta ba. Kiristanci kuwa addini ne mai aƙida rubutacciya da ake karantawa a majami'a. Saboda haka nauyin tambayar bai zama ɗaya a ɓangarorin biyu ba: mafi yawan ƙungiyoyin Duruwid ba su hana mutum zama Kirista, coci ne ke da sharaɗin da zai iya karyewa.

Masu cewa biyun ba sa haɗuwa, daga 'yan bishara masu tsananin riƙo da nassi har zuwa malaman Katolika masu bin koyarwar hukuma, sukan fara da dokar farko a Littafi Mai Tsarki, cikin Fitowa 20, wadda ta hana bauta wa wani ban da Allah. Sai Romawa 1:25, inda Bulus ya zargi masu bauta wa halitta su bar Mahalicci. A ganinsu, kiran ruhohin kusurwoyi huɗu a farkon taro, ko zuba abin sha a ƙasa don kakanni da ruhun wuri, ya shiga wannan hani ko da mai yi ya ce alama ce kawai. Matakin karatu na biyu a OBOD ya ƙunshi duba, ta hanyar haruffan Ogham, tsohon rubutun Ireland, da makamantansu, masu suka kuwa suna kawo Maimaitawar Shari'a 18 da ta haramta duba da neman matattu. Duruwid da yawa sun yarda rai yana sake dawowa duniya cikin wani jiki, Ibraniyawa 9:27 kuma ta ce mutuwa sau ɗaya ce, sai shari'a.

Mafi zurfin saɓanin yana kan matsalar ɗan Adam. Kiristanci ya ce mutum ya faɗi cikin zunubi, yana bukatar ceto ta wurin mutuwa da tashin Yesu Almasihu, wanda Yahaya 14:6 ta kira shi hanya ɗaya zuwa wurin Uba. Duruwidanci bai gina komai a kan zunubin asali ba. Abin da ya fi damunsa shi ne yankewar mutum daga ƙasa, kakanni da baiwarsa, maganin kuma shi ne sake ƙulla wannan zumunci da neman awen, kalmar harshen Wales mai nufin ilhama. Takardar da fadar Vatican ta fitar a 2003 kan sababbin hanyoyin ruhaniya ta yi gargaɗi a kan irin wannan: ɗaukar Allah a matsayin wani ƙarfi da ke gudana cikin halitta, da ɗaukar ceto a matsayin abin da mutum ke cim ma da ƙoƙarinsa.

Hujjar masu riƙe biyun

Waɗanda ke kiran kansu Duruwid Kiristoci sun ce su a wurinsu Duruwidanci tarbiyya ce: zama shiru a kurmi, lura da juyawar yanayi, waƙa da tatsuniya, kula da muhalli. Bautarsu ga Allah ɗaya take ta wurin Almasihu. Sukan kawo Zabura 19 mai cewa sammai suna shelar ɗaukakar Allah, da waƙar Waliyyi Francis na Assisi da ya kira rana ɗan'uwa, wata kuma 'yar'uwa, da wasiƙar Fafaroma Francis ta 2015 kan kula da duniya. Suna bambanta cewa halitta ita ce Allah, wanda suka ƙi, da cewa Allah yana cikin halittarsa kuma ya fi ta, wanda suka ce tsohuwar koyarwar coci ce. Awen kuma wasunsu suna fahimtarta a matsayin aikin Ruhu Mai Tsarki.

Suna kuma jingina da tarihi. A shekarar 601 Fafaroma Gregory ya umurci masu bishara a Ingila kada su rushe ɗakunan ibadar mutanen ƙasar, su cire gumaka su mayar da su majami'u. Akwai wani baiti da ake jingina wa Waliyyi Columba na tsibirin Iona a Scotland inda yake cewa Duruwid ɗinsa shi ne Almasihu Ɗan Allah. Mark Townsend, limamin Angalikan da ya bar aikin ikilisiya ya shiga OBOD, ya yi rubutu a kan wannan haɗuwa, ciki har da littafinsa na 2012 kan yadda masu sabon maguzanci suke kallon Yesu.

Masana tarihi sun rage wa wannan hujja ƙarfi. Baitin Columba ana ganin an rubuta shi ne ƙarnuka bayan mutuwarsa, kuma ana iya karanta shi a matsayin cewa Almasihu ya maye gurbin Duruwid. A tarihin rayuwarsa da Adomnán ya rubuta, Columba yana karawa ne da bokan sarkin mutanen Pict, tsofaffin mazauna Scotland. Hoton wani cocin Kelt mai sassauci, mai son bishiyoyi, wanda ya sha bamban da na Rum, mafi yawansa ƙirar ƙarni na 19 da na 20 ne. 'Yan zuhudun Ireland sun yi suna da tsananin horon kai da dokokin tuba, kuma babbar gardamar da aka yanke a taron coci na Whitby a Ingila a shekarar 664 kan lissafin ranar Ista ce. Ronald Hutton na jami'ar Bristol, a littafinsa na 2009 kan tarihin Duruwid a Birtaniya, ya nuna yadda kowane zamani ya zana su daidai da bukatarsa. Wannan hukunci ya shafi Duruwid na Stukeley mai tauhidi kamar yadda ya shafi na Bonewits mai alloli da yawa.

Akwai kuma Duruwid da ba su son haɗin ko kaɗan. A ganinsu Kiristanci ne ya kawar da tsofaffin alloli, kuma addinin da ke cewa hanya ɗaya ce tak ba zai zauna lafiya cikin da'irar da ta ginu a kan yawan hanyoyi ba.

Yadda abin ya shafi mutane

Adadin bai kai yawan surutun ba. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2011 mutum sama da 4,000 suka rubuta Duruwid a matsayin addininsu, a 2021 kimanin 2,500. Waɗanda suka rubuta maguzanci kai tsaye sun kai kusan 74,000 a 2021, kuma wasu Duruwid suna cikinsu. Wanda ya haɗa biyun yakan zaɓi Kirista a takardar, don haka ƙidaya ba ta ganinsa. A ƙidayar 2021 ɗin ce Kiristoci suka sauka zuwa kashi 46.2 cikin 100, karo na farko ƙasa da rabi.

Ga mai bi na gari, sakamakon ya danganta da cocin da yake zuwa. A wasu ikilisiyoyin Angalikan da tarukan Kweka, wata ɗariƙar Kirista marar limamai, ba mai tambayarsa inda ya yi bikin ranar da wuni ya fi tsawo. A cocin 'yan bishara ana iya neman ya tuba ko ya ajiye hidimar da yake riƙe da ita. Limamai ne suka fi fuskantar hukunci, domin sun yi alkawarin riƙe koyarwar coci lokacin naɗi. A 2004 an gano cewa wasu limamai biyu, mata da miji, na cocin Episkofal, reshen Angalikan na Amurka, a jihar Pennsylvania suna jagorantar ayyukan Duruwid. Sun nemi gafara a rubuce, mijin kuma ya bar ikilisiyarsa.

A fannin doka, hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai ta Ingila da Wales ta amince a 2010 ta yi wa The Druid Network rajista a matsayin ƙungiyar addini, abin da ya ba ta sauƙin haraji irin na coci. Wasu Duruwid ba su ji daɗin hakan ba, domin su falsafa suke ɗaukar hanyarsu. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda addini ko aƙida, gidajen yari kuma suna da masu ba fursunoni mabiya maguzanci shawarar ruhaniya. Aure ne ya fi kawo wahala. A Ingila da Wales bikin ɗaure hannuwan ango da amarya a fili, yadda Duruwid ke yi, ba ya wadatarwa a idon doka, sai an je ofishin rajista. A Scotland kuwa akwai jagororin maguzanci da hukuma ta ba izinin ɗaura aure. Iyalan da suka haɗa Kirista da Duruwid kan fuskanci irin wannan tambaya a wajen baftismar yara da jana'iza: wa zai jagoranta, da sunan wa za a yi addu'a.

Coci-coci ma sun ɗauki wani abu daga wannan ƙishirwa. Tun wajen 2012 tarukan da ake kira Forest Church suka bazu a Birtaniya, inda Kiristoci ke ibada a kurmi da filaye, wasu suna bin bukukuwan yanayi takwas ɗin nan da karatun Littafi Mai Tsarki. Magoya baya suna ganin hanya ce ta isa ga waɗanda ba za su taka ƙofar majami'a ba. Masu suka suna ganin ƙofar cakuɗa addini ce.

A Ireland tambayar ta shiga kalandar gwamnati. Ranar 1 ga Fabrairu ita ce bikin Waliyyiya Brigid ta Kildare, ita ce kuma Imbolc, kuma akwai tsohuwar allahiyar Ireland mai suna Brigid. Masana har yanzu suna gardama kan irin dangantakar da ke tsakanin waliyyiyar da allahiyar. Sunan Kildare kansa daga Cill Dara ya fito, ma'ana cocin itacen oak. A 1993 'yan zuhudu mata na Katolika masu bin tafarkin Brigid suka sake kunna wutar da aka daɗe ana dangantawa da ita a garin, kuma Kiristoci da masu sabon maguzanci duk suna ziyartar wurin. Daga 2023 gwamnati ta mayar da bikin hutun ƙasa, a ranar Litinin ta farko a Fabrairu, sai dai idan 1 ga watan ta faɗo Juma'a.